Rana Ta Yi Rowa

A Oulu, in Disamba ya kama, rana rowa take yi.
Ta leƙo da hantsi kamar wadda ake bi bashi,
kafin ka gama ɗaura takalmi ta ɓuya.
Sauran awa ashirin na duhu ne da sanyi.

Ni ce Marjatta, jinya nake yi gida-gida,
jaka a kafaɗa, ƙusoshi a tafin takalmi don santsi.
Na san kowace matakala a unguwar Tuira,
har wadda ta kayar da Aune bara
ta kwantar da ita wata uku da karayar ƙugu.
In na wuce ta yanzu, yashi nake watsa mata,
ina harararta.

Lamba tara, gidan Veikko.
Shekara saba'in da tara, ga sukari, ga taurin kai.
Na soki yatsarsa, na duba, na girgiza kai.
Na ce, "Biki ya ƙarato, tebur zai cika:
gasasshiyar cinya, kifi mai gishiri, kunun shinkafa da madara.
Ɗanɗana kowanne, amma kar ka yi musu mubaya'a.
Baki ba ya ƙoshi ranar biki, jiki ke biyan kuɗin."

Ya dubi kujerar da ba kowa a kai.
Ya ce, "Tun da Helmi ta tafi,
ba sukari ke cina ba, shiru ne."

Wannan ba ya cikin littafin da na karanta.
Na dai ce masa, "In rana ta leƙo, fita ka gaishe ta.
Taka har gada, ka dubi kogin da ya daskare,
ka yi wa wani sannu ko da kare ne.
Ga ƙwayar bitamin, madadin hasken da aka hana mu.
In jikoki sun zo da majina a hanci,
rungume su, sannan ka wanke hannu."
Ya ce, "To, likita," yana dariya ƙasa-ƙasa.

Haka na yi ta rabon nasiha kamar goro.
Wannan ya sha ruwa, waccan ta yi barci da wuri,
wancan ya rage kofi na uku na giya mai ɗumi.
Ni kuwa?
Gahawa shida a yini, burodi a cikin mota,
aikin mutum biyu, don abokan aiki sun tafi hutu.
Safar hannu na manta da ita a gidan wani.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Daren ashirin da uku maƙogwaro ya ƙi haɗiya.
Da gari ya waye, in an kira wannan wayewa,
zazzaɓi ya shimfiɗa ni kamar tabarma.
Ta taga ina hango mutane suna tafiya maƙabarta,
kowa da kyandir a hannu,
dusar ƙanƙara tana sauka a kan hulunansu.

Aka ƙwanƙwasa.
Veikko ne, gemu duk farin raɓa,
kumatu ja, numfashi na hayaƙi.
Ya kunna wa Helmi kyandir, ya biyo ta nan da ƙafa,
da kwanon romon kifi naɗe cikin tawul.
Ya ce, "Ban sa gishiri ba, likitata ta hana."
Ya wanke hannu ba tare da na ce ba,
ya buɗe taga kaɗan, ya rufe ni da bargo,
ya zauna can nesa, kusa da ƙofa.

"Lafiya uwar jiki," in ji shi, "ke ma jiki gare ki."

Romon lami ne, wallahi.
Na shanye shi tas.
Bai tafi ba sai da na yi barci,
kuma daren nan, a gida biyu, shiru bai ci kowa ba.