Tsakanin Dubawa da Buɗewa

Ƙarfe uku na dare a Yaba,
janareta na tari a ƙasan bene.
Folarin ya yi barci kan kujera, takalmi a ƙafa,
ni kuwa ina bin sawun baƙo cikin kwamfutar banki.

Da sallama ya shigo.
Ƙaramin asusu, izininsa bai wuce zaure ba.
Zuciyar na'ura ta duba takardarsa, ta ce to.
Kafin ta kai hannu ga sakata
ya musanya takardar.
Ƙiftawar ido ma ta yi tsawo.
Sai ga shi maigida, makullai a ƙugu,
har rajistar masu shiga ya goge,
sai layi ɗaya da ya manta.

Baba Haladu, shekara ashirin da biyu kana gadi a Apapa.
Ka ce gwanin ɓarawo ba ya haura katanga,
jira yake ka juya ɗauko mabuɗi.
Dariya na yi a lokacin.

Layi huɗu ne gyaran.
Na tura, ladanin Alagomeji na gyaran murya,
na kasa tashi alwala.
Ina ƙirga ƙofofin da ban duba ba.