Gwangwanin Biskit na Delfina

Ranar da muka kwashe ɗakin goggo Delfina,
a ƙarƙashin gado, bayan takalman katako,
na tarar da gwangwanin biskit, tsatsa ta ci murfinsa.
Na zaci allurai ne da maɓallai.
Ashe kwarin Nalón ne kacokan a ciki,
an ɗaure shi da zaren ulu.

Na farko, maza goma sha huɗu a bakin ramin kwal,
fitila a ɗamara, hula a karkace,
fuska baƙi ƙirin, idanu kaɗai suka tsira.
Mai hoto ya ce a tsaya cik,
na uku daga hagu bai ji ba, ya juya kai,
sai ya fito kamar hayaƙi sanye da riga.
A baya an rubuta da fensir:
Avelino, wanda bai fito ba.
Ban sani ba, a hoton ake nufi ko a ramin.

Ga alfadari an rufe masa ido da buhu.
Shekara tara yana jan taragu a hanjin dutse,
ranar aka hauro da shi, ana tsoron rana ta makantar da shi.
Yaron da ke riƙe da linzami sai ƙafafa yake,
kai ka ce shi ya haƙo dabbar.

Ga mata a jere suna tsince dutse daga kwal
yadda da dare za su tsince tsakuwa a wake.
Goggo ce ta biyu, shekarunta sha biyar,
ɗankwali har gira, yatsu duk kaushi.
Ni da na san ta da hannu mai rawa da ƙamshin sabulu,
ban taɓa sanin ta iya harara haka ba.

Ba duka ne baƙi ba.
Ga tuffa tsibi guda a amalanken shanu,
ga masara a rataye jikin rumbu mai ƙafafun dutse,
ga kakana Secundino da lauje a kafaɗa,
ya fito aikin dare, bai ko kishingiɗa ba, ciyawa na jira.
Ƙafa ɗaya a rami, ɗaya a gona,
kuma babu wadda ta kai shi ga hutu.

A irin wannan hoto kowane kogi baƙi ne,
amma namu ba laifin kyamara ba ne.
Yau ana hango kifi daga kan gada,
an kulle ramin, ana yankan tikiti a ƙofarsa.
Takarda ba ta riƙe kukan jiniya ba,
ba ta riƙe tarin asuba da ke ratsa bango
gida bayan gida har ƙarshen layi ba.

Na kai gwangwanin wurin Benigna, maƙwabciya,
shekara casa'in da ɗaya, tabarau a ɗaure da zare.
Ta bi fuskokin da ɗan yatsa kamar mai lissafin bashi:
wannan ya tafi Beljiyam, wannan huhu,
wannan ya ci mini kuɗin ƙwai, Allah ya yafe masa.
Ta tuna sunan wani kare, ta manta na ubangidansa.

Sai ta tsaya kan hoton titi ranar kasuwa,
ta wuce masu kaji, ta wuce mai gyaran laima,
ta ɗora yatsa can gefe, kan wata taga
da babu kowa a cikinta sai labule.
Ta ce, ga ni nan.
Ƙyanda nake yi, aka hana ni fita.
Wannan ka bar mini.