Akwatin Agogo

Shekara ashirin da bakwai akwatin gilashin nan
yana bakin titi a Rijiyar Ɗorawa,
agoguna kwance cikinsa kamar kifi a faranti.
Da waya ta ƙwace lokaci daga wuyan hannu
na ɗauko shi kan kabu-kabu, na jingine bayan randa,
gizo ya gaje shi.

Ran wata Talata Inna Ige ta ɗaga tsintsiya.
Wutsiya ta faɗi daɓe tana rawa ita kaɗai,
mai ita ta shige gindin takalmina.
"Taka ta, Arzika! In ta tofa ma tuwo
sai fatarka ta yi dabbare-dabbare."
Ban taka ba.
Na duƙa, na ga maƙoshinta yana bugawa,
tik, tik, tik,
ni kuwa ban taɓa tsai da abin da ke bugawa ba.

Na wanke gilashi da toka da tsumma.
Na tafi Kwalkwalawa da sassafe
na tsinto tsakuwa, irin wadda ruwa ya gama lasa,
ita na fara shimfiɗawa.
Sai gawayi, na farfasa da gindin turmi,
sai guntun gidan sauro, kada ƙasa ta bi ruwa,
sai baƙar ƙasar fadama da na cuɗa da yashi
kamar mai kwaɓa fura ga baƙon da bai san hanya ba.

Reshen magarya busasshe na gicciye mata,
ɓawon marke ya zama soro,
fasasshen kasko ya zama ɗakin kwana,
murfin kwalba rijiya.
Moda biyu a kusurwa, tsaye kamar masu gadi,
zabuwa ƙarama, da fasa-ƙabba mai rarrafe.
Gansakuka da na kankaro a gindin randa
kwana uku ta yi, ta ƙone.
Zafin Sakkwato ba ya sanin ɗan gida,
balle abin da aka haifa a inuwa.
Na ja akwatin zuwa zaure, na sake kankaro wata.

Macciɗo tela ya leƙo ya yi dariya har da tari:
"Mutane na neman ɗakin haya,
kai ka gina wa tsaka gida da lambu!"
Na ce, ita dai ba ta taɓa kawo min gyara
ta gudu da kuɗin aiki ba.

Luba jikata ce mai farautar gyare,
tana bin kukansu da gwangwanin madara bayan isha'i.
Ni nawa feshi ne, da kwalbar wanzamin zamani,
sau biyu, asuba da magariba,
har raɓa ta rataya a bakin ganye
ta fito ta lashe, ta lashe idonta kuma.

Mako biyu ba ta yarda na gan ta ba.
Sai dai da safe in iske sawu a jikin gilashi,
yatsu biyar, kamar hatimin wanda bai iya rubutu ba.

Yanzu wutsiya ta fara tsirowa,
baƙa-baƙa, gajera, ba irin ta da ba.
Kowace Juma'a nakan auna ta da ido
ta madubin da nake duba cikin agogo.
Ba ta gudu, ba ta latti.
Cikin dukan abin da ya taɓa kwana a akwatin nan
ita kaɗai ba ta nemi in ba ta wani ba.

Jiya ruwan fari ya sauka, shinge ya cika fitila.
Na dawo masallaci na iske Inna Ige a zaure,
sakaina a hannunta, murfin raga a buɗe.
Ba ta waiwayo ba.
Ta ce, "Zubarwa zan yi, na ga asara ne."