Tatsar Sanyi

Jarmo ya iso ran Talata, motarsa maƙare da bututun tagulla.
Ya kakkaɓe ƙanƙarar takalmansa a dokin ƙofa,
ya ce, "Aulis, wane bango za ka iya sadaukarwa?"
Na nuna masa na arewa,
inda Raili ta rataye agogo shekara arba'in da ɗaya.

Ya huda. Garin katako ya zubo kan darduma.
Akwati ɗaya a waje, bisa ƙafafun ƙarfe
don kada dusar ƙanƙara ta binne shi,
ɗaya a ciki, fari fat, sama da taga,
bututu biyu tsakaninsu, siriri da mai kauri.

Na ce, "Ina wutar?"
Ya ce, "Babu."
"To me yake ci?"
Ya cire ƙusa daga bakinsa:
"Lantarki kaɗan. Sauran tatsa ce.
Iskar nan mai yankan kunne, da ɗumi ɓoye a cikinta,
shi yake tsintowa, ya matse, ya kawo maka ɗaka."

Shekara sittin ina faskare a Kuusamo,
yau ɗan cikina ke ce mini ana tatsar sanyi.
Sai dai Outi ta riga ta biya daga Oulu,
wai kafaɗata ta gama da gatari.

Dare na tara, ƙarfe uku, hucin ya ɗauke.
Na fita da tocila, kwat a kan rigar barci,
na iske shi yana tururi
kamar dabbar da ta sha gudu a daji,
ruwa na ɗiga ƙarƙashinsa yana daskarewa.
Na buga wa Jarmo. Murya cike da barci:
"Ƙanƙarar jikinsa yake narkarwa.
Yakan ranci ɗumin ɗakinka, ya biya.
Koma ka kwanta."
Ban koma ba.
Na tsaya, gemu na farfasawa da sanyi,
har fankar ta sake juyawa.

Kyanwa ce ta fara yin mubaya'a.
Ta bar murhun da ta gada,
ta tare a kujerar da iskar ke sauka.
Veikko maƙwabcina ya zo, ya miƙa tafi ƙarƙashin akwatin,
ya daɗe, ya ce "Hm," ya sha kofi biyu, ya tafi.
A bakinsa wannan huɗuba ce.

Takardar kuɗin wuta ta zo, na karanta sau biyu,
na sa ta ƙarƙashin gwangwanin sukari.
Itacen bara na nan jere a rumfa, ba wanda ya taɓa.
Ranar Lahadi nakan hura murhu duk da haka,
don ƙamshin,
kuma hannu ba ya son zaman banza.

Agogon ya koma bangon gabas.
Inda ya bari akwai da'ira mai haske a katako,
ɗan taƙi kaɗan daga ramin Jarmo.
Can idona ke zuwa har yanzu
in ina son sanin lokaci.