Katantanwa a Ƙirjin Tsohuwa

Shekara goma sha tara tana kwance
a gindin darbejiya, bayan garejin Rabe a Ƙofar Ƙaura.
Ƙofa biyu gare ta, da dogon hanci.
Ja ce a da, rana ta lashe jan
ta bar mata launin tsohuwar tukunya.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
inda Baba ke cusa mu, mu uku, gwiwa a haɓa,
in za shi Mashi gaida Goggo.

Na ce a tashe ta.
Rabe ya ɗaga murfi, ya daɗe yana kallo,
ya ce injin nan ya riga mu gidan gaskiya,
sai dai a yi mata dashen zuciya.

Sabon ya zo daga Kwatano a naɗe da buhu,
da wani ƙarfe murɗaɗɗe a kwiɓinsa kamar katantanwa.
Turbo, in ji takarda.
Tabo, in ji Rabe,
kuma shi ya fi takarda gaskiya:
ga shi nan a yatsansa, ga shi nan a aljihuna.

Ya ce, ka ga wannan?
Hayaƙin da mota ke zubarwa shi take tarewa,
ta wulwula, ta ɗura wa inji iska ta hanci.
Abin da aka yar, shi ke komawa ƙarfi.
Na ce, wa'azi ne?
Ya ce, miƙo mini sufana sha biyu.

Sarƙa ta yi kuka, tsohon ya fito
yana ɗigar baƙin mai a kan takalmina.
Sabon ya ƙi zama.
Ɗakin ya yi masa kaɗan da yatsa biyu,
sai da Ɗan'azumi mai walda ya rage bango,
lagireto ya matsa gaba, salansa ta sake hanya.
Bishir mai rewaya ya kwana uku cikin wayoyi
kamar mai tsefe kitson da ya shekara.
Wata huɗu.
Raguna biyu sun tafi, agogo ya bi su,
a gida an daina tambayata.

Ranar gwaji, bayan asuba, hanyar Daura.
Na murɗa makulli ina jiran tarin nan uku
da Baba ke amsawa da bismillah.
Babu tari.
Ta tashi kamar wadda ba ta taɓa kwanciya ba.

Na taka totur. Ta yi jim,
kamar mai son tuna sunan wani,
sannan fito, siriri, daga can ciki,
kujera ta damƙe bayana,
gonakin gero suka zama layi ɗaya kore.
Rabe ya riƙe hula yana dariya,
har sai da jaki ya shigo titi da kayan kara.

Birkin na da ne.
Na taka, na taka, na kira sunan Allah.
Taƙi ɗaya ya rage tsakaninmu da wutsiya.
Jakin bai ko waiwayo ba.
Rabe ya ce, zuciyar saurayi, gwiwar tsohuwa,
gobe sai birki, jibi kuloci.

An yi birki, an yi kuloci.
Yanzu Mashi, mai nisan kaset guda gaba da baya,
kafin in gama tunani ɗaya na iso,
ga shi ba Goggo a zauren,
sai in sha mai in juyo.

Tsohon injin yana nan gindin darbejiya
a sawun da motar ta bari.
Wata kaza ta fara kai masa ziyara.
Ɗan gwangwan ya zo da sikeli, ya yi tayi a kan kilo,
na ce ya dawo mako mai zuwa.
Yau zuwansa bakwai.