Ba a San Mai Saƙar Ba

Sun ɗauke ni aikin dare guda,
naira dubu huɗu da kwanon shinkafa,
in zaga da tire, in ce bismillah,
kada in yi magana sai an tambaye ni.

Gidan tarihi ya sha fenti har ƙofa,
an rataya fitilu a wuyan dogon yaro,
janareto na tari a bayan katanga.
Rufi ne ke yoyo, in ji su,
damina uku tana ɗiga kan kayan kakanni,
shi ya sa aka tara masu hannu da shuni
a ce musu: ga mata, ga aikin hannunsu,
ku taɓa aljihu.

Rumasa'u ta zana Rima da rani,
yashi ya fi ruwa, masu wanki sun duƙa.
Wata Saudatu daga Runjin Sambo
hoton hannuwa kawai ta ɗauka, ba fuska:
mai dakau, mai kitso, ungozoma.
Alhaji Bagudu mai albasa ya miƙe,
miliyan biyu, ya ce,
tafi ya sauko kamar ruwan fari a kan kwano.

Ni dai zoɓo nake rabawa.

A lungun ƙarshe, inda fanka ba ta kai,
cikin akwatin gilashi, ga faifai.
Kaba ce da aka rina da karan dafi,
jan ya koɗe, ya koma kalar tsohon goro.
Na wuce shi.
Na dawo.
Saƙar ta juya hagu.

Goggo Ige bahaguwa ce.
An doki hannun nan har aka gaji,
ya bar cin tuwo, bai bar saƙa ba.
Ga zaren kore ɗaya tak a baki
da take cewa ta ajiye wa ido wurin hutawa.
Ga ƙunar da na yi masa da fitilar ƙwai
ina shekara shida, a Kware,
ranar da ta bi ni da muciya har bakin rijiya
tana zagi tana dariya.

Katin da aka manna, da inji aka buga shi:
Faifai. Sakkwato. Ba a san mai saƙar ba.

Ba a sani ba?
Kasuwar Kware ta san inuwar da take zama,
mai gishiri ya san ta, har da bashinta,
ƙasa ta san ta shekara goma sha ɗaya.

Tire na rawa, kofuna na gulma.
Na ratsa ɗaurin kallabi da turare
na sami shugabar gidan.
"Hajiya, wancan na kakata ne."
Ta ba ni rabin murmushi, idonta na kan mai lasifika:
"Ki zo Litinin, da shaida."
Wace shaida?
Goggo ba ta taɓa sa hannu a takarda ba,
ko dangwale sai ranar zaɓe.

Saudatu ce ta ji.
Ta ciro fensirin gira daga jaka,
ta durƙusa, leshinta na sharar ƙasa.
"Faɗa mini sunan."
Bakina ya bushe, ni da ke riƙe da kofi ashirin.
Ta rubuta a ƙasan layin inji,
a karkace, yana gangarawa hagu:
Ige 'yar Modi, Kware.

"Ke mai zoɓo!" wani ya kira.
Na tafi.

Miliyan goma sha bakwai, in ji lasifika.
Ɗan kabu-kabu ya sauke ni Mabera sha biyu saura,
Inna na kan tabarma tana korar sauro.
Na ba ta shinkafar, na ba ta labari,
fitilu, gilashi, sunan da aka rubuta.
Ta yi shiru har na ɗauka kuka za ta yi.
Sai ta ce: "Wanda muka ruhe hura da shi?
Wani mai tabarau yas saye shi ɗari biyu.
Sun ko wanke shi
kahin su aza shi gaban mutane?"