Saura Takarda Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya ina auna ruwan sama
a filin jirgin Tawa.
Kowace safiya in leƙa kwalba,
in rubuta abin da Allah ya zubo.
Banki kuwa ba ya duban gajimare.
Ran ashirin da biyar ga wata,
ko damina ta yi kyau ko an yi fari,
jikka saba'in da biyu sun bar albashina
tun bai ga hasken rana ba.

Gidan yana Bilbis, ɗaki uku da zaure,
da bedi guda a tsakar gida.
Ni ke liƙe tsagarsa, ni ke korar gararsa,
amma in baƙo ya ce, "Naka ne?"
sai in ce, "To, muna dai ciki."

Bana albasar Kuluwa ta yi daraja.
Ta ƙi sayarwa da kaka, ta kulle ta a rudu
har ƴan Abijan suka zo da kansu.
Na haɗa da kuɗin gonar Baba,
wadda ban taɓa kai wa fartanya ba,
ƙanena ya saya don kar ta bar dangi.

Mushe Anaruwa ya sauke tabarau.
"Saura shekara huɗu, me ya kore ka?"
Na ce, barci nake so.
Ya danna na'ura, ya ce akwai tarar gaggawa.
Ban taɓa jin an ci mutum tara
don ya cika alkawari da wuri ba,
amma na biya.
Hatimi ya sauka, dum,
kamar taɓarya ta ƙarshe a turmi.

Na miƙe, ya ce zauna.
Ya jawo wata takarda, gefenta ya yi ja,
inshorar da suka ɗaura wa bashin tun farko
kamar akuya a bayan amalanke.
Jikka tara duk wata, har na manta da ita.
In na mutu, ta biya banki.
In na kai wa'adi da raina, ta ba ni abin da ta tara.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
wata takarda na zaune cikin duhu
tana sauraron numfashina.

"In ka fasa yau, za a yanke kusan kashi uku.
In ka daina zubi, ta tsaya inda take, ba ta girma.
In ka ci gaba, sai bayan damina huɗu."
Na ce zan yi shawara.

Liman ya ce a bincika kada riba ta shiga tuwo.
Abokin aikina ya ce karɓe, tsuntsun hannu.
Kuluwa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.
"Wanda ya tone albasa tana ɗanya,
ganye ya kai kasuwa."

Ran Talata na koma.
Na sa suka rubuta cewa banki ya saki hannunta,
na jira wasiƙar mako uku, na yi sawu biyar.
Inda sunan banki yake, aka ja layi,
aka sa Tsahara, autarmu,
mai son karatun likita a Yamai.
Abin da ya haura zubina, in ya zo,
na ce wa Liman na rijiyar unguwa ne.

Takardar fili tana ƙarƙashin katifa yanzu.
Ran ashirin da biyar albashi ya fito cikakke,
na ƙirga sau uku kamar wanda ya yi tsintuwa.
Jiya mai gyaran mita ya tsaya a zaure,
ya ce, "Naka ne?"
Bakina ya riga ni: "Muna dai ciki."
Kuluwa ta yi dariya daga madafa
har ludayi ya faɗi.